Makaranta Mai Sanyi Ba Da Fanka Ba

Kowa ya san zafin ɗakin kwano da bazara. Idan aji ya yi zafi, yara sai gyangyaɗi, karatu ba ya shiga. Fanka kuwa sai da lantarki, lantarki kuma sai da kuɗi.

A garin Dano, cikin ƙasar Burkina Faso, akwai wata makarantar sakandare. Wani gwanin tsara gini, Francis Kéré, ya tsara mata sababbin azuzuwa, aka gama a 2007. Ga dabarunsa.

Ta farko, ya miƙe ginin daga gabas zuwa yamma. Saboda haka ranar safe da ta yamma a kan gajerun bangaye take sauka.

Ta biyu, da marmarar wurin aka yi bango. Bango mai kauri ba ya saurin ɗaukar zafi, kamar dai soron ƙasa.

Ta uku, an ɗaga kwanon sama a kan ƙarafa, ya zarce bango, ya yi masa inuwa. Iska mai zafi sama take tashi. Sai ta fita ta kafofin da aka bari a rufin ciki, mai sanyi ta shigo ta taga.

To, in za a gina aji a garinku, ku zauna da magina tun ba a haƙa harsashi ba. Ku tambaye su: ina rana za ta bugi ginin, ina kuma iska za ta bi?