Lakwal babu ɗakin gwaji: yadda zobo, kanwa da randa ke koyar da kimiyya

Kofi ɗaya na ruwan zobo da ba a sa wa sukari ba ya isa a buɗe darasin shimi. Idan aka matsa masa lemun tsami, jan nasa sai ya ƙara haske. Idan kuma aka ɗiga masa ruwan kanwa ko na toka, nan take sai ya yi duhu, ya karkata zuwa kore. Sinadarin da ke ba furen launi shi ke sauyawa gwargwadon tsamin ruwan, wato aikin da takardar pH ke yi a manyan ɗakunan gwaji.

Irin wannan gwajin na da muhimmanci a Nijar, inda a makarantu da dama, musamman na karkara, ɗalibi kan zana jarrabawar BEPC bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Yakan san zanen na'ura a allo, ya haddace sunanta da Faransanci, amma bai ga tana aiki ba. Daga nan ne yara da yawa ke yanke wa kansu hukunci cewa fizik da shimi na masu wata irin ƙwaƙwalwa ne, sai su kauce wa sashen C da D idan sun isa lise. Alhali daga waɗannan azuzuwan ne ƙasa ke jiran likitoci, injiniyoyi da masana aikin gona.

Kayan aikin na kasuwa da madafa

Ita kanta kanwar darasi ce. Duk matar da ke jefa ta a miyar yakuwa don ta kashe tsami tana yin abin da littafi ke kira haɗuwar asid da baz. Idan malami ya zuba garin kanwa a gorar roba, ya ƙara ruwan lemun tsami, ya ɗaura balan-balan a bakin gorar, ɗalibai za su ga yana kumbura. Iskar da ta fito ita ce CO2, wadda ke kashe wutar kyandir.

Randa kuma na koyar da fizik. Ruwa na tsatsowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska na busar da shi, shi kuma yana tafiya da zafin abin da ke ciki. Da ma'aunin zafi ɗaya, ɗalibai na iya auna ruwan randa da na bokitin roba a inuwa ɗaya, su rubuta bambancin, sannan su gano dalilin da ya sa randa ta fi sanyi da rani fiye da damina, lokacin da iska ke cike da laima. Wannan ƙa'idar ce Mohammed Bah Abba, wani malami daga arewacin Najeriya, ya ɗora tukunya cikin tukunya a kanta don adana kayan lambu, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000.

Garin ƙwayar zogale na tattara dattin ruwan tafki ya kwantar da shi ƙasa. A nan dole malami ya ja kunne: ruwa ya yi garau ba ya nufin ƙwayoyin cuta sun mutu. Tsohuwar tocila kuwa, da batirinta mai bolt 1.5 da ƙwanta da guntun waya, ta isa a gwada abin da lantarki ke bi da wanda ba ya bi.

Ranar da sanda ba ta da inuwa

Akwai gwajin da ba ya cin ko dala. A Yamai, Maradi da Damagaram, rana kan tsaya daidai bisa kai sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Na Afrilu ya faɗo cikin lokacin karatu. Idan aka kafa sanda a miƙe a filin makaranta, ana auna inuwarta kowane minti 10, za a ga tana gajarcewa har ta kusan ɓacewa. Ba ƙarfe 12 hakan ke faruwa ba: wajen 12:20 ne a Damagaram, 12:30 a Maradi, 12:50 a Yamai. Aji biyu da ke musayar sakamako ta WhatsApp za su fahimci juyawar duniya, su kuma gane abin da ya sa mutanen Damagaram ke rigan na Yamai shan ruwa da azumi.

Nijar na da tarihi a wannan fage. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya kuma rasu a 1991, masanin fizik ne da ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken makamashin rana. A littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka, ya soki karatun da ya rabu da rayuwar jama'a da harsunansu. Sunansa jami'ar Yamai ke ɗauke da shi a yau.

Iyakar dabara

Nuna abin mamaki a aji bai zama kimiyya ba. Sai ɗalibi ya fara faɗin abin da yake zato, ya auna, ya rubuta, ya maimaita. A ajin da ya cika maƙil, hakan na nufin raba yara rukuni-rukuni, kowane da mai awo da mai rubutu, kuma yana cin lokacin malamin da ke tseren gama manhaja kafin jarrabawa.

Sai batun tsaro. Gobarar da ta tashi a azuzuwan zana ta kashe yara kimanin 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai a Afrilun 2021, wata kuma ta kashe fiye da 20 a Maradi a Nuwamban shekarar. Duk gwajin da ke buƙatar wuta wurinsa fili ne, nesa da zana, da bokitin ruwa ko rairayi a kusa. Ruwan batirin mota da maganin ƙwari ba kayan aji ba ne, kuma ba a ɗanɗana abin da aka yi gwaji da shi.

Haka kuma zobo ba ya maye gurbin mikiroskop. Gina ɗakunan gwaji, sayen kaya da horar da malamai nauyi ne da ke kan hukuma.

Kafin nan, tsofaffin ɗalibai da ƴan ci-rani da ke son taimaka wa makarantar garinsu na da abin yi. Ma'aunin zafi, ƙaramin sikeli, gilashin ƙara girma, maganaɗisu da na'urar auna lantarki duk suna shiga jaka ɗaya. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara tambayar malamin fizik ko na SVT abin da ya fi buƙata, a kuma haɗa da akwati mai kwaɗo da za a riƙa ajiye kayan a ofishin darakta.