WUTSIYAR KIFI: ƘIRARTA DA AIKINTA

Duk wanda ya shiga kasuwar kifi ta Kado a Abuja zai ga kifaye iri-iri, kowanne da irin wutsiyarsa. Wannan bambanci ba na ado ba ne, domin wutsiya ita ce filafilin da kifi ke tuƙa kansa da shi.

Yadda Aka Ƙera Ta

Ƙashin bayan kifi yana sirancewa har ya kai gindin wutsiya, inda ƙasusuwan ƙarshe suka baje. Daga nan ne waɗansu siraran ƙasusuwa suka fito, suka buɗe kamar mafici, fata mai laushi ta haɗa tsakaninsu. Naman da ke gefen dama da na hagu suna ja bi da bi, sai wutsiya ta kaɗa, ta tura ruwa baya, kifi kuwa ya yi gaba. Da ita kuma yake juyawa.

Siffa Da Hali

Tsage, mai farautar ƙananan kifaye, wutsiyarsa ta rabu biyu kamar almakashi, abin da ke ba shi saurin gudu. Ta tarwaɗa kuwa kewayayya ce, ta dace da tafiya sannu cikin taɓo da zabura farat ɗaya. Yauni shi ne abin mamaki: ba shi da maficin wutsiya sam, da dogon fiffiken bayansa yake iyo. A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij a Ingila ya gano cewa wutsiyar yauni tana fitar da ɗan lantarki, wanda yake gane hanya da shi cikin gurɓataccen ruwa.

Gargaɗi Ga Masu Kiwo

Wutsiya takan fara nuna ciwo tun kafin kifi ya mutu. In an ga bakinta ya yi fari, ko ja, ko ya yayyage, to, ruwa ya ƙazantu, ko kifayen sun yi cunkoso suna cizon juna, ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa. Sai a sauya ruwa, a rage yawansu, a raba manya da ƙanana, a ware marasa lafiya, sa'an nan a nemi jami'in kula da kifi mafi kusa. Muddin ruɓa ba ta kai gindi ba, wutsiya takan sake tofowa. In ta kai, asara ce. Saboda haka a riƙa dubawa kullum lokacin ba da abinci. Rigakafi ya fi magani.