Wutar da Ba Ta Bukatar Iska: Darasi ga 'Yan Kwana-kwana

Kowace uwargida ta san abin da za ta yi idan mai ya kama da wuta a cikin tukunya: sai ta ɗauko murfi ta rufe, nan da nan wutar ta mutu. Haka kuma direban da injin motarsa ya kama yakan ɗebi yashi ya watsa. Dukansu biyu suna aiki ne da wata ƙa'ida ta kimiyya, wato wuta ba ta ci sai abubuwa uku sun haɗu: makamashi, da zafi, da iskar oksijin. Wannan iska ita ce kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, kuma da zarar an toshe mata hanya sai wuta ta shaƙe.

To amma mai karatu, akwai wasu sinadarai da wannan dabara ba ta aiki a kansu. Rashin sanin haka ya ci rayukan 'yan kwana-kwana da dama a duniya.

Sinadarai masu zuga wuta

Idan maƙeri yana son gawayinsa ya yi jajir sai ya sa a zuga masa, domin zugazugi yana tura iska cikin wutar. Sinadaran da muke magana a kansu suna yin aikin zugazugi ne, sai dai su iskar tana ƙunshe a jikinsu. Yawancinsu ba sa cin wuta da kansu, amma idan suka ji zafi sai su narke, su wargaje, su saki oksijin ga duk abin da ke kusa, kamar katako ko takarda ko mai. Shi ya sa za mu kira su masu zuga wuta.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne amoniyam naitiret, wani farin gishiri da ake yin takin zamani da shi. Kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa oksijin ne. Yana narkewa idan zafi ya kai kimanin digiri 170 a ma'aunin santigireti, kuma idan ya wuce digiri 200 sai ya fara wargajewa yana fitar da iska mai yawa. A fili, wannan iska takan bi sararin sama ta tafi. Amma idan sinadarin yana da yawa, kuma yana kulle a wurin da zafi ba shi da mafita, ko ya gauraya da mai, to zafin yakan haifar da wani zafin, har tarin ya fashe gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido.

Abin da ya faru a Teksas

Da safiyar ranar 16 ga Afrilu, 1947, wani jirgin ruwa na ƙasar Faransa mai suna Grandcamp yana tsaye a tashar garin Teksas Siti da ke Amurka, ɗauke da fiye da tan 2,000 na wannan taki. Da misalin ƙarfe takwas aka hangi hayaƙi yana fitowa daga rumbun jirgin. Gudun kada ruwa ya ɓata kayan, sai kyaftin ya ba da umarnin a rufe ƙofofin rumbun, a tura tururi ciki domin a shaƙe wutar. Wannan ita ce dabarar murfin tukunya, kuma da auduga ce ko hatsi, da ba a ga laifinsa ba. Amma takin bai bukaci iskar waje ba. Rufewar ta tara zafi, tururin kuma ya ƙara shi.

Hayaƙi mai launin ruwan lemo ya turnuƙe sama, mutanen gari suka taru a bakin tasha suna kallo. Da ƙarfe 9:12 jirgin ya fashe. Aƙalla mutum 581 suka rasu, cikinsu har da 'yan kwana-kwana 27 daga cikin 28 da garin yake da su. Wani jirgin da ke kusa, mai suna High Flyer, wanda shi ma yake ɗauke da irin wannan kaya, ya fashe bayan kimanin sa'a 15.

Ana iya cewa a 1947 ilmin bai yaɗu ba. Sai dai a ranar 17 ga Afrilu, 2013, sitonin wani kamfanin taki a garin West, a wannan jiha ta Teksas, ya fashe kimanin minti 20 bayan an kai rahoton gobara. Mutum 15 suka rasu, 12 daga cikinsu masu kai ɗauki ne. Haka kuma a ranar 4 ga Agusta, 2020, aka tura ayarin mutum goma na hukumar kashe gobara ta Bairut, babban birnin Labanon, zuwa wani sito a tashar jiragen ruwa. Ba wanda ya gaya musu cewa tun 2014 aka jibge tan 2,750 na amoniyam naitiret a ciki. Babu ko ɗaya da ya dawo, kuma fashewar ta kashe fiye da mutum 200. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Yadda ake tunkarar irin wannan gobara

Mataki na farko shi ne gane abin da ke ci kafin a matsa kusa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa kayayyaki masu hatsari rukuni-rukuni, ta sa masu zuga wuta a rukuni na 5.1. Alamarsu tambari ne ruwan ɗorawa mai kusurwa huɗu, da hoton da'ira wadda harshen wuta ke tashi a kanta. Ana manna ta a jikin buhu, ko ganga, ko babbar mota. Hayaƙi ja ko mai ruwan lemo shi ma gargaɗi ne, domin yana nuna naitiret ya fara wargajewa, kuma hayaƙin guba ne ga huhu. Don haka akan tsaya ta inda iska ke busowa, a kuma sa na'urar numfashi.

Na biyu, maganin wannan wuta ruwa ne, kuma mai yawa. Kumfa da hoda da yashi duk aikinsu toshe iska ne, saboda haka ba su da wani amfani a nan. Ruwa kuwa yana ɗauke zafi, yana kuma narkar da sinadarin. Akan kafa mesa a kan maƙalli ta yi ta feshi ita kaɗai, mutane su ja da baya. Ba a rufe ƙofofi, ba a tura tururi. Amma a lura, ruwa kaɗan ya fi rashinsa illa ga wasu 'yan wannan rukuni. Alal misali, garin kulorin da ake tsabtace ruwan sha da shi, idan ya jiƙe sama-sama, yana iya ɗaukar zafi ya fitar da iska mai guba.

Na uku, wanda ya fi wuya ga jarumi, shi ne sanin lokacin janyewa. Littafin jagora na masu kai ɗauki da hukumomin sufuri na Amurka da Kanada da Meziko suke fitarwa ya ce idan babbar mota ko taragon da ke ɗauke da mai zuga wuta ya kama, a nisanta mutane mita 800 ta kowace fuska. In kuwa amoniyam naitiret ne, mita 1,600. Idan wuta ta riga ta isa ga tarin, aikin 'yan kwana-kwana ya koma kwashe jama'a da korar 'yan kallo.

Idan kuma zubewa kayan ya yi ba tare da wuta ba, kada a share shi da garin katako ko tsumma, kada kuma a bari ya haɗu da mai. A kwashe da shebur mai tsabta a zuba a busasshen mazubi.

Gemun ɗan'uwa

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Takin yuriya da manomanmu suka saba da shi ba ya cikin wannan rukuni, amma wasu nau'o'in taki suna ƙunshe da naitiret. Garin kulorin yana nan a ma'ajiyar hukumomin ruwa, tukwanen oksijin kuma suna asibitoci da shagunan masu walda. Wajibi ne mai sito ya raba irin waɗannan kaya da fetur da katako, ya rubuta abin da ya ajiye a bakin ƙofa, ya kuma sanar da ofishin kashe gobara mafi kusa tun kafin wani abu ya faru. Su kuma 'yan kwana-kwana, haƙƙinsu ne su zaga sitocin yankinsu su ga abin da ke ciki. Duk wanda ya kira su ranar gobara, bayan ya faɗi wurin, abu na gaba da ya kamata ya faɗa shi ne abin da aka ajiye a cikin ɗakin.