Garin da Ruwan Kwata Ke Tuƙa Mota

A Chiclana, wani gari a bakin teku a kudancin Sifaniya, an samar da motocin da makamashinsu daga ruwan kwata da na bayan gida yake fitowa. Kamfanin ruwa na Aqualia ne ya jagoranci aikin tun 2011, da tallafin Tarayyar Turai. Ma'aikatan da suka fi kowa wahala a wurin kuwa gansakuka ce, irin ƙananan nan da ke mayar da ruwan kududdufi kore shar, waɗanda ido ba ya ganin ƙwayarsu sai da madubin likita.

Ana sako ruwan dagwalon cikin dogayen tafkuna marasa zurfi, ko gwiwa ba sa kaiwa, domin rana ta ratsa har ƙasa. Wata ƙafa mai fikafikai tana juyawa a hankali tana kora ruwan, kada ya kwanta. Sinadaran naitirojin da fosfaros da manomi ke saye da tsada a buhun taki, ga su nan kyauta cikin ƙazantar. Gansakukar ta ci, ta saki iskar oksijin. Ƙwayoyin bakteriya su shaƙa su narkar da dattin, su mayar mata da iskar kabon da take bukata. Sai a kwashe gansakukar a zuba a rufaffen tanki, ta ruɓe ta ba da gas ɗin methane, a tace shi a ɗura wa mota.

Dabarar ta tsufa. William Oswald na Jami'ar Kalifoniya ya fara ta tun shekarun 1950. Gwamnatin Amurka ta yi bincike kan samar da mai da gansakuka daga 1978, ta rufe shi a 1996 lokacin da fetur ya yi arha. ExxonMobil ma ta zuba miliyoyin daloli tun 2009, daga baya ta janye.

Inda gizo ke saƙar shi ne girbi. Litar ruwa guda da ƙyar take ba da giram ɗaya na gansakuka, kuma raba ta da ruwan yana cin wuta da kuɗi. Shi ya sa nake ganin mutanen Chiclana sun fi kamfanonin mai lissafi. Wajibi ne gari ya tsabtace ruwansa, kuma gansakuka tana rage kuɗin lantarkin da ake kashewa wajen hura wa ruwan iska. Gas ɗin tamkar gyara ne da mai awo ke ƙara wa wanda ya riga ya sayi mudu.

Wanda ya noma gansakuka don mai kaɗai, har yanzu fetur ya fi shi arha. Wanda ya noma ta don wanke ruwan garinsa, shi ne ke da hanyar mayar da kuɗinsa.