Gwamnan lantarki na injin dizal

Gwamnan lantarki wata na'ura ce da ke daidaita gudun injin dizal ta hanyar ƙara masa mai ko rage shi gwargwadon nauyin aikin da aka ɗora masa. Ana iya harhaɗa ta a gida ko a shagon gyara da ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki irin ta allon Arduino, wanda aka fara ƙerawa a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005.

Tarihi

A 1788 James Watt ya sanya wa injin tururi gwamna mai ƙwallayen ƙarfe biyu, waɗanda ke buɗewa idan gudu ya ƙaru, sai su rage tururin. A 1868 James Clerk Maxwell ya yi bayanin lissafin da ke sa irin wannan na'ura ta daidaita ko ta riƙa tangaɗi. Tsofaffin injinan dizal irin su Lister na Ingila suna aiki da gwamna na ƙarfe da sifirin.

Amfani

A garuruwan arewacin Jigawa irin su Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, injin dizal na juya injinan niƙa da janareta. Ga mai niƙa, ɗan canjin gudu ba komai ba ne. Ga janareta kuwa lamarin ya bambanta, domin wutar Najeriya tana aiki ne a kan Hertz 50. Janareta mai kan maganaɗisu huɗu sai ya yi juyi 1,500 a minti ɗaya kafin ya ba da wannan adadi, mai biyu kuma juyi 3,000. Idan sifirin ɗin tsohon gwamna ya saki, gudu yakan faɗi da zarar an kunna famfon rijiyar burtsatse ko firiji, wanda hakan kan sa motocinsu su yi zafi.

Yadda take aiki

Na'urar ta ƙunshi sassa uku. Na farko shi ne ma'aunin gudu, wato ɗan maganaɗisu da aka naɗe da waya, ana kafa shi dab da haƙoran babban faifan ƙarfen da ke bayan inji. Duk haƙorin da ya wuce yakan haifar da bugun lantarki ɗaya. Misali, faifai mai haƙora 120 da ke juyi 1,500 a minti zai ba da bugu 3,000 a daƙiƙa.

Na biyu shi ne ƙwaƙwalwar, wadda ke ƙirga bugun ta gwada shi da gudun da ake so. Yawanci ana amfani da lissafin PID, wanda ke duba girman bambancin, da daɗewarsa, da saurin canjinsa. Na uku shi ne ƙaramar motar lantarki da ke jan sandar mai ta famfon injekta. Idan aka sa lissafin ya cika zafi, inji zai riƙa hawa da sauka ba ya tsayawa. Idan ya yi sanyi, sai ya makara wajen amsa nauyi.

Haɗari

Injin dizal ba shi da filogi, don haka yanke wuta kaɗai ba lallai ya kashe shi ba. Idan waya ta tsinke alhali sandar mai na buɗe, inji na iya gudun wuce kima har ya tarwatse. Saboda haka ake sa sifirin da zai mayar da sandar wurin kashewa da zarar wuta ta ɗauke, a rubuta wa ƙwaƙwalwar umarnin yanke mai idan bugu ya ɓace, sannan a tanadi murfin toshe hanyar iska.