Asokore Mampong: Ƙasar Tonawa, Harshen Fatake

Bahaushen da ya sauka a Aboabo ko Asawase, a arewa maso gabashin birnin Kumasi, ba ya neman tafinta. Da Hausa mai koko da ƙosai za ta yi masa ciniki, da Hausa ɗan kamasho zai nuna masa mota, ko da kuwa iyayen yaron daga Tamale suka zo, ko daga Wagadugu. Hausar tasu ce ta Gana, wadda ba ta cika bambanta namiji da mace ba, har Bakano ya ji an ce "yarinya ya zo" ya yi murmushi. Amma sunan ƙaramar hukumar da ta haɗa waɗannan unguwanni ba na Hausa ba ne. Asokore Mampong ne, sunan wani tsohon garin Asante, mutanen da kakanninmu fatake ke kira Tonawa. Kada a rikita shi da Mampong babba, wadda ke can arewa, tafiya mai nisa daga Kumasi.

Ƙaramar hukumar yarinya ce. A shekarar 2012 aka yanko ta daga hukumar birnin Kumasi, aka sa hedikwatarta a garin Asokore Mampong. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 24 ba, wato mai keke zai ratsa ta kafin shayinsa ya huce. Cikin wannan ɗan fili aka cusa Aboabo ta ɗaya da ta biyu, Asawase, Sabon Zango, Sawaba, Akorem, Adukrom, Sepe Tinpom, Buobai, Asabi da Parkoso.

Ƙasar kurmi ce, mai tudu da kwari. Damina biyu ake yi a shekara: babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Kurmin dai ya tafi tuntuni, kwano da bulo sun maye gurbinsa, amma ruwan sama bai rage ba. Rafin Aboabo, wanda ya ratsa unguwannin da suka fi cunkoso, shi ke karɓar wannan ruwa, tare da leda da sharar gidajen da aka gina har bakin gaɓarsa. Shi ya sa ambaliya ta zama baƙuwar kowace damina a kwarin.

To, me ya kawo mutanen arewa tsakiyar ƙasar Asante? Goro. Tun kafin Bature ya leƙo, ayarin fatake daga Kano da Katsina da Borno ke bin hanyar Gwanja, su kai kanwa, tufafi da fatu, su komo da goron kurmi. Sai dai ba Kumasi suke shiga ba. Sarakunan Asante sun fi son a tsaya a Salaga ta ƙasar Gwanja a yi ciniki a can. Waɗanda ke samun shiga birnin galibi malamai ne, masu rubuta wa sarki wasiƙu da layu. Turawan Ingila biyu da suka ziyarci fadar Sarki Osei Bonsu, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, duk sun tarar da unguwar Musulmi a Kumasi, sun kuma ga yadda sarki ke girmama manyanta.

Ƙarshen ƙarni na 19 ne ya buɗe ƙofa. Turawa sun ƙone Kumasi a 1874. Yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwarta suka bazu neman sabuwar matsaya. A 1896 aka kama Sarki Prempeh na ɗaya, a 1900 aka murƙushe tawayen Yaa Asantewaa, kuma cikin sojojin da Turawa suka yi wannan aiki da su akwai Hausawa da yawa, abin da ba a cika son tunawa da shi ba. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, noman koko ya bunƙasa, gonaki suka buƙaci ma'aikata. Sai ga Mosawa, Dagombawa, Zabarmawa, Wangarawa, Kotokoli, Fulani da Yarabawa, kowa da abin da ya kawo shi: wani shanu, wani goro, wani ƙarfinsa kawai. Baƙo ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi ɗaki, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi rigima. Kowace ƙabila ta naɗa sarkinta, Sarkin Zango kuma yana bisa su. Da yake Hausa ce harshen ciniki da na makarantar allo, ita ta haɗa bakin kowa.

Zangon farko yana kusa da tsakiyar gari. Annoba ce ta tura shi gabas. A 1924, shekarar da Prempeh ya komo daga gudun hijirar tsibiran Seshel, annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa Kumasi, ta fi yin ɓarna a zango. Gwamnatin mulkin mallaka ta rushe gidaje, ta gina Sabon Zango. Bayan yaƙin duniya na biyu aka ƙara da rukunin gidajen Asawase. Daga nan jama'a ta yi ta malala zuwa Aboabo da Sawaba, kan filayen da har gobe na sarakunan Asante ne. A ƙasar nan mutum yakan gina gida, amma ƙasar tana ƙarƙashin kujerar sarauta.

Wannan zama na "baƙo" ya sha jawo wa mutanen zango wahala. A 1957, watanni kaɗan bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, jiga-jigan zangon Kumasi da ke goyon bayan 'yan adawa, zuwa Najeriya. Sun garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman a kansu su biyu. A Nuwamban 1969 kuma gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a Kumasi, ba su san kowa a Sakkwato ko Dosso ba, suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau mota.

Yau lissafin ya sauya. Mazaɓar Asawase, wadda ta yi daidai da ƙaramar hukumar, tana hannun Muntaka Mubarak tun zaɓen cike gurbi na 2005, ɗan jam'iyyar NDC a yankin da jam'iyyar NPP ke ɗauka gidanta ne, kuma a 2025 ya zama ministan cikin gida. Babban masallacin Kumasi, wanda aka sake buɗewa a 2023 bayan gyara, a nan yake. Ƙidayar 2010 ta nuna Musulmi sun fi rabin jama'ar yankin, a jihar da Kirista suka fi rinjaye nesa ba kusa ba. Duk da haka kuskure ne a ɗauka zango ne zalla: Tonawa na nan da yawa, da cocinsu da fadarsu, ga kuma makarantar Kumasi Academy a garin da ya ba hukumar suna.

Maganar yawan jama'a kuwa tana da ɗaure kai. Alƙaluman 2010 sun ba yankin mutum 304,815, na 2021 suka ce 191,402. Wanda ya ga layin famfo a Aboabo da asuba zai yi wuya ya yarda an ragu. A tuna dai cewa a 2010 ba a ƙirƙiri hukumar ba tukuna, daga baya aka ware mata adadinta daga na Kumasi. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, kusan mutum 8,000 ke nan a kowane murabba'in kilomita, kuma ba daidai suka bazu ba. A tsofaffin unguwanni iyalai da dama ke raba tsakar gida ɗaya, wasu ba su da makewayi sai na kuɗi a bakin titi.

Sarari sai a gabas, wajen Parkoso da Asabi, inda gonakin rogo da ayaba ke komawa fulotai. A garin Asokore Mampong kansa akwai rukunin benaye mai gidaje kusan 1,000, da aka soma zamanin Shugaba Kufuor da sunan gidaje masu sauƙin kuɗi, aka bar su shekaru ciyawa na cin su, kafin hukumar fansho ta SSNIT ta ƙarasa su, aka buɗe a 2020 da sunan Sarkin Asante Osei Tutu na biyu. Farashinsu ya fi ƙarfin mai gwangwan da 'yar dako da ke kwana a Aboabo.