Sassaƙa Tangaran Marar Ɗaukar Lantarki ta Hanyar Tartsatsi

A shekarar 1943 ne Boris Lazarenko da matarsa Natalya suka nuna, a Tarayyar Sobiyat, cewa ana iya sassaƙa ƙarfe da tartsatsin lantarki ba tare da kaifi ya taɓa shi ba. Akan nutsar da ƙarfen cikin mai, a kusanto masa da wani sanda mai ɗauke da lantarki. Dubban tartsatsi kan tsallaka ɗan gibin da ke tsakaninsu a kowace daƙiƙa, kowanne ya narkar da ɗan ƙwaya daga jikin ƙarfen, man kuma ya kwashe ta. Sai dai dole ne abin da ake sassaƙawa ya kasance lantarki na ratsa shi.

Wannan sharaɗi ne ya daɗe yana hana amfani da dabarar a kan tangaran na masana'antu, irin su zirkoniya, wadda ake yin haƙoran dashe da ita, da alumina. Taurinsu ya zarce na ƙarfe, ga saurin tsagewa, don haka akan goge su ne da dutsen niƙa mai lu'ulu'u, aiki mai tsada wanda ba ya iya fitar da kowace siffa.

A shekarun 1990 Yasushi Fukuzawa da Naotake Mohri da abokan aikinsu a Japan suka samo mafita. Akan lulluɓe fuskar tangaran da siririn ƙarfe, wanda shi ne tartsatsin farko zai ci. Zafin tartsatsin kan farfasa man, wanda dangin kananzir ne, sai kabon ɗin da ke cikinsa ya manne wa tangaran ya zama sabon lulluɓi mai ɗaukar lantarki. Tartsatsi na gaba ya cinye lulluɓin tare da ɗan tangaran da ke ƙarƙashinsa, wani kuma ya sake kwanciya. Ke nan man da a da aikinsa sanyaya da wanki ne ya zama ginshiƙin aikin, shi ya sa ruwa, da ba shi da kabon, ba ya maye gurbinsa.

Raunin dabarar ma yana jikin wannan lulluɓi, domin da zarar ya yanke, aiki ya tsaya. Zirkoniya, da ke riƙe zafi a wuri guda, ta fi alumina sauƙin sha'ani. Aikin na da jinkiri, kuma yakan bar ƙananan tsaga da baƙin kabon a fuskar tangaran, waɗanda sai an goge su kafin a yi amfani da shi.